Filin da Ake Yi wa Sallama

Sai da ta ɗora rula a kan taswira ta ga hanyar ta karkace. Ɗaliba ce mai karatun tsara birane, ta zo daga Zariya tana zana titunan unguwar Takur, lokacin da Dutse ta zama babban birnin jiha. Inda hanyar ta karkace fili ne fetal, ba bishiya ba rami, amma duk wanda ya iso wurin sai ya kewaye, ya yi sallama ƙasa-ƙasa, ya wuce.

Ta tare wani dattijo mai tura keke.

"Baba, wa kuke yi wa sallama?"

"Masu gida, 'yata. Haka muka taras. Ba a ratsawa ta zauren mutane."

Ta yi murmushi, ta ja layinta miƙe ɗoɗar.

Ranar kafa turakun alamar titi, da tsakar rana, ta taka cikin filin riƙe da igiyar awo. Sanyi ya lulluɓe ta kamar ta shiga ɗakin ƙasa. Ta duba ƙafafunta, babu inuwarta. Sallama ta suɓuce mata.

"Wa'alaikumus salam," muryar wata tsohuwa ta amsa daf da kunnenta. "Cire takalminki, yarinya. A kan tabarmata kike."