Ranar da Kwandon Oga Bai Biyo Shi Ba

Kai da ka fara zama gaban baƙin allon nan da ake kira shel, inda ake ba kwamfuta umarni da rubutu, kana murnar ka iya haɗa naka umarnin har ka raɗa masa suna, tsaya ka ji wannan kafin ranar suna.

A wani ƙaramin gidan rediyo an yi wata matashiya da ta gama jami'a ba da jimawa ba. Damina guda ta yi tana bin ƙauyuka a bayan babur, tana naɗar waƙoƙin niƙa da na daɓe daga bakin tsofaffin mata, irin waƙoƙin da injin niƙa da siminti suka kusa binnewa. Muryoyin duk suna cikin kwamfutar gidan, a hannun shugaban sashen na'urori, mutum mai wayo da saurin yatsu. Shi Ogan nan yana da wata dabara da yake ji da ita. A shel akwai umarnin gogewa mai suna rm, ba ya tambaya, ba ya mayarwa, abin da ya ci ya ciwu. Sai Oga ya rubuta nasa umarnin, wanda ke ɗauke fayil ya jefa shi wani kwando a gefe maimakon ya hallaka shi, ya kuma raɗa masa sunan rm ɗin. Da an buɗe shel, nasa ne ke shan gaban na ainihi. Da ya ga ba abin da ke ɓata, sai hannunsa ya sake. In zai gyara wuri, zubar da komai yake yi gaba ɗaya, sannan ya koma kwando ya tsinto abin da yake so.

Ya ce kowa a sashen ya ɗora umarnin, kowa ya ɗora. Ita da ta tarar an saka mata, sai ta cire shi, ta rubuta nata mai kwando, ta kira shi ajiye.

"Ke 'yar nan," in ji Oga, "tawadar digirinki ko bushewa ba ta yi ba, za ki gyara mini aiki?"

"Oga, kwandonka ba shi da laifi, sunan ne ban yarda da shi ba. Ka sa wa kwikwiyo suna kura, kullum kana shafa kansa. Ranar da ta dawa ta shigo fa?"

Ofis ya kwashe da dariya, daga ranar ta koma Hajiya Ajiye. Oga ya ce ta zaɓa: ko ta mayar da umarninsa, ko a rufe mata hanyar shiga ma'ajiyar waƙoƙin. Ta san waƙoƙin nan kamar 'ya'yanta, ta san wacce aka rera ana tari, ta san wacce zakara ya katse. Amma ta ce, "A rufe. Ni dai ba zan koya wa hannuna ƙarya ba." Aka kuwa rufe. Ta koma teburin gefe tana kallon wani yana juya mata wahalarta.

Ana nan tsohuwar kwamfuta ta fara gurnani. Aka yi maza aka kwashe muryoyin zuwa sabuwa, ba a jima ba tsohuwar ta ce ga garinku nan. Kwafi ɗaya ke nan ya rage a duniya. Ɗan fayil ɗin da Oga ke tara umarninsa a ciki kuwa, ba wanda ya tuna da shi, ya tafi tare da tsohuwar kwamfutar. Da hantsi Oga ya zauna zai tace waƙoƙin, ya raba masu kyau da masu hayaniya. Ta hango abin da yatsunsa suka fara rubutawa, ta miƙe tsaye.

"Oga, don Allah duba wane rm ne a wannan na'urar!"

"Hajiya Ajiye, zauna. Tun kina goye nake wannan aiki."

Ya danna. Allon bai ce uffan ba, don shi rm na gaskiya ba ya surutu. Oga ya leƙa kwando zai tsinto, babu kwando. Ya sake leƙawa. Aka kira masu ceton fayil, suka yi iya yinsu, suka tsamo 'yan guntaye: rabin baiti, tarin wata tsohuwa, ƙarar dutsen niƙa ba murya.

Da ya samu bakin magana, ka san abin da ya ce? "Ai rashin ɗora umarnina ne ya jawo. Zo ki taya ni mu rubuta shi a wannan."

Ta dube shi da jajayen idanu. "Wallahi, Oga, ba da hannuna ba."

Ta saɓa rikodarta, ta kira mai babur. Ta san cikin tsofaffin nan akwai waɗanda ƙasa ta riga ta rufe, waƙarsu ta tafi ke nan. Waɗanda suka rage za ta je ta durƙusa musu su sake rerawa. Ta bar shi a kujera yana sake rubuta umarninsa, da sunan nan dai.

To, ka haɗa umarninka yadda kake so, amma kada ka ara masa sunan abin da ke kisa, don umarninka yana zaune a na'ura ɗaya, hannunka kuwa yana bin ka duk inda ka je. Hausawa sun riga sun faɗa: sabo turken wawa.