Taken da Ya Fita Kasuwa

"Korarka za mu yi!" in ji shugaban ƙungiyar asirin, yana buga sanda a falonmu. "Taken da ka tsara mana na rantsar da sababbin 'yan'uwa, har masu burodin Vienna rera shi suke!"

Mijina, makaɗin fada, sai rantse-rantse yake bai faɗa wa kowa ba. Na daɗe ina tambayar abin da suke yi can, ana ce min ba hurumin mata ba ne.

Na dire tiren kofi da ƙarfi.

"Ranka ya daɗe, waƙar renon 'yata ce, duk unguwa ta riga ku ji. Goge kawai ya ƙara mata. Wai ita kuke miƙe wa tsaye, hannu a ƙirji?"