Ƙulli Miliyan Ɗaya da Uku

"Ƙulli miliyan ɗaya da uku, a layuka daidai wa daida," in ji Baffa Nasrullah. "Ranar da kika gama wannan darduma, ki koma jami'arki, malama."

Tun rasuwar mahaifina ya kulle ni a ɗakin saƙa, a saman benensa da ke birnin Herat. Tsohon malamin lissafi ne. Ya san wannan lamba ba ta rabuwa sai da ɗaya ko da kanta, don haka ba dardumar da za ta ɗauke ta. Ya manta ni ma na sani.

Ban roƙe shi ba. Na yi ta ƙulli har yatsuna suka tsage, ulu ya sha jinina.

Da bazara na zube aikin a gabansa.

"Layi ɗaya ne, Baffa. Lissafi ya yarda."

Ya yi dariya har ya ƙware da shayi. "Zarghona, sarkin wayo! Wannan ai igiya ce. Kwashe ki sake."

Na kwashe, na hau sama, ya murza makulli.

Bai yi ƙarya ba, igiya ce. Na ninka ta, na ɗaure a jikin masaƙa. Baffa ƙofa yake kullewa, bai taɓa tuna taga ba.