Tafin Hannun Ungozoma Kulu

Girman kai rawanin tsiya. A wannan zamani, duk mai sana'a sai ya koma karatu kowace shekara a sabunta masa koren tambarin tafin hannunsa. Ungozoma Kulu ta ce, "Ni na yanke wa malaman cibiya, su za su koya mini?" Shekara uku tana ƙi, tambarin ya koɗe.

Ran da naƙuda ta kama 'yarta Hansai, Kulu ta ɗora hannu a ƙofar ɗakin haihuwa na asibiti, wadda koren tambari kaɗai ke buɗe ta. Ƙofa ta ƙi buɗewa.

Mai gadi ya ce, "Iya, hannunki ya mutu. Ga benci."

Tana jin Hansai na kiran "Inna!" har muryar ta ɗauke. Ta rasa sana'ar shekara arba'in, ta rasa 'ya, jikan ma wata ce ta yanke masa cibiya.