Tsuntsun Malam

"Wannan kike kira zane?" Malam ya ɗaga allon Inna da yatsu biyu, kamar mataccen ɓera. "Wata uku kina ɓarnar fentin mai. Ga kogi, ga duwatsu, ina tsuntsun?"

Ya nuna wani baƙin ɗigo a sararin samaniyar shahararren tsohon zanen da ɗalibai ke kwaikwaya.

"Shekara ashirin ina koyar da tsuntsun nan, shi ne ran zanen. Baiwar Allah, koma kicin."

Ɗalibai suka kwashe da dariya, kowa da tsuntsunsa a allo.

Inna ta jiƙa bakin mayafinta da yawu, ta goge gilashin zanen. Tsuntsun ya biyo mayafin.

"Kashin kyankyaso ne, Malam. A kicin na san shi."