Mai Ɗingishi Ne a Gaba

Kun taɓa ganin namijin da ya hau dutse takanas don ya ce ya fasa aure? To, Korbinian ya yi. Tun safe yake biye da Afra, wadda zai aura, suna zagaya tafkin da ke saman ƙauyensu a yankin duwatsun Tirol, yana jan ƙafar da icce ya danne masa bara. Ita kuwa raka baƙi kan duwatsu ne sana'arta. Da ta yi nisa sai ta durƙusa kamar tana ɗaure takalmi.

A bakin ruwa ta yanko burodi da cuku ta miƙa masa. Bai karɓa ba.

"Afra, takalmin nan naki lafiyarsa ƙalau, ni kike jira. Haka za ki ƙare rayuwarki kina jiran gurgu? Na fasa."

Ta dube shi, ta dubi ruwan da ko motsi ba ya yi. Ta ninke wuƙar.

"Kai dai Korbi akwai taurin kai. Laifina ne da na wuce gaba. Me kakanka ya koya mana muna yara?"

Ya sunkuyar da kai. "In ana hawa, wanda ya fi kowa nawa shi ake sawa gaba."

"To tashi, malam, hadari na haɗowa."

Ya jima yana kallon siririyar hanyar. Can ya karɓi burodin, ya dogara sandarsa, ya shige gabanta.

In kana da wanda ka fi sauri, gwada bin bayansa gobe.