Muƙamuƙin Akuyar Misyo Jibril

Haidar ya kashe keken ɗinkinsa, ya zura hannu ƙarƙashin tarin ƙyallaye ya zaro muƙamuƙin akuya mai igiya. Ya hure ƙura, ya jefa shi aljihu. Bilkisu, 'yar Misyo Jibril, ta aiko cewa jikin tsohon ya yi tsanani.

Shekara arba'in ke nan ƙashin nan yana hannunsa.

A zamaninsu, Misyo Jibril ne malamin Faransanci. Daga karatunsa na Yamai ya dawo da bulala da wata doka: ranar darasinsa, duk wanda aka ji ya yi Hausa a makaranta, a rataya masa muƙamuƙin nan a wuya. Ba ya fita sai ka kama wani ka rataya masa. Wanda aka tashi yana wuyansa, bulala shida. Aboki ya koma laɓe wa aboki.

Haidar kuwa, kaf Zariya ba a yi gwanin sauke shi kamarsa ba. Sai ya saka wa mutum ƙadangare a riga, mutumin ya ce "Wayyo Allah!", shi ke nan ƙashi ya sauya wuya. Shekara huɗu bulalar nan ba ta taɓa bayansa ba, abin da ya tsaya wa Misyo a maƙogwaro.

Sai ranar jarrabawar baka, wadda mai jarrabawa ke zuwa daga Kaduna ya zaunar da ɗalibai ɗaya bayan ɗaya yana tambaya. Misyo ya riga ya faɗa: mai ƙashi a wuya ba zai shiga ba. Da sassafe, tun Haidar bai sa takalmi ba, Misyo ya rataya masa shi da hannunsa, wai saboda Hausar da ya ji ya yi jiya a bakin akushin tuwo. Ba ma a makaranta ba!

Ranar duk aji ya zama bebe. Haidar ya taka ƙafar abokinsa Sani, ya zuba masa ƙaiƙayi a wuya, Sani ya ciji leɓe yana hawaye bai ce uffan ba. Da aka kira suna, Misyo ya tare ƙofa, ya nuna waje da bulala.

"Sorte!" Wato fita.

Haidar ya fita, da ƙashin da komai. Bai sake taka makaranta ba. Sani yau babban jami'i ne a Abuja.

Tun daga ranar, Misyo na Hausa da mai goro, da liman, har da akuyoyin gidansa, amma ban da Haidar. Shi kalma ɗaya ce rabonsa. Haidar ya rantse sai ya kama shi. Ya taɓa rugawa zauren Misyo yana ihun gobara. Ya taɓa aika ƙaryar cewa mota ta kaɗe shi, ya kwanta a tabarma ya lulluɓa. Tsohon ya zo da sandarsa, ya ɗaga mayafin, ya ga ido na motsi.

"Sorte," ya ce, a gidan Haidar ɗin.

Yau ya kama hanyar Ƙofar Kibo, ya wuce zaure biyu ba sallama, ya shige har ƙurya. Matan tsakar gida ko mayafi ba su ja ba. Bilkisu ta tare shi.

"Don Allah ban da halin naka. Mutumin nan ƙarasawa yake."

"Gaisuwa na zo, Hajiya. Haramun ce?"

Misyo na kwance, ya zama ƙashi da fata. Ya daɗe yana duban Haidar. Leɓensa ya motsa, Haidar ya gyara tsayuwa yana jiran kalmarsa ta kullum.

"Haidar," in ji tsohon, "matso kusa. Na zalunce ka. Tsoro na ji kada a ce na yi son kai, na fifita ɗana. Ka yafe mini."

Bilkisu ta fashe da kuka. Haidar ya durƙusa, ya tallafo kan tsohon a hankali kamar mai gyara matashi, ya zura masa igiyar, ya daidaita muƙamuƙin a ƙirjinsa. Sannan ya miƙe ya karkaɗe hannu.

"Ka yi Hausa. Sai ka nemi wanda za ka rataya wa, Baba."